'Ya'yan Janairu a Tenhya

Na yi aiki da katuna masu huji a gefe a Dakar da Kartum, amma ba inda suka ɓata mini rai kamar Tanut. A asibitin, kowane yaro da katinsa, kowane huji kuma da abin da yake nufi: gari, allura, watan haihuwa. Za ka zura tsinken ƙarfe a hujin abin da kake nema, ka girgiza, katunan da aka yanke wa wurin su zubo.

Wata rana majo, babban malamin asibitinmu, ya ce in fitar da katunan yaran ƙauyen Tenhya masu wata tara zuwa shekara biyu da ba a yi wa allurar ƙyanda ba. Maganin kaɗan ne, ƙanƙarar da ke riƙe shi kuma ba ta wuce kwana biyu.

Na Tenhya suka zubo, marasa allura suka zubo. Da na zo kan watan haihuwa, kusan duka Janairu ne. Na kira sakataren da ya yanke katunan.

"Malam, matan Tenhya a Janairu kaɗai suke haihuwa?"

"Ka tambayi uwa yaushe ta haihu, ta ce da damina ne, ko bayan Salla. Akwai hujin damina? Na ba su farkon shekara, kowa ya huta."

Ɗan wata huɗu da ɗan shekara guda sun zama tagwaye ke nan. Majo ya ture katunan, muka tafi Tenhya muka tara iyaye a bakin rijiya. Muka wuni muna buɗe bakin jarirai muna ƙirga haƙora don mu gane watanninsu, makiyaya suna dariya wai mun koyi sana'arsu. Da la'asar aka yi allurar ƙarshe, ƙanƙarar da ta rage ba ta fi goro ba.