Allunan Ƙanƙara a Kan Kwata

Yayana yana aiki a Turai, a shagon da ke ba masu hawa duwatsun ƙanƙara hayar kaya. Shekarar da muka koma Mahuta, ya aiko mana da tarkace cikin wata tsohuwar mota, har da dogayen alluna biyu sirara. A waya ya ce ski ake kiransu, ana ɗaura su a ƙafa a zame kan ƙanƙara. Ya yi ta yabonsu, wai ba nauyi, mutum zai wuni yana hawa dutse da su, kuma ba sa karyewa. Mu dai katifa muka roƙa.

Da damina ta cinye katakon da ke kan kwatar ƙofar gidanmu, mai gidan haya ya ɗauko su ya gitta. Ƙarafen samansu na harɗe ƙafa, sai ya kifa su. Ba wanda ya san gefen nan mai sheƙi da ya koma sama don santsi aka yi shi.

Ran Lahadi bayan ruwan safe, Baba ya fito da takalmin coci. Daga ɗaki na ji faɗuwarsa. Ƙugunsa ya karye, bai ƙara taka ƙasa ba har ya rasu.

Ranar da ya faɗi, Keke Napep ba ya shiga layinmu saboda taɓo. Zanen Mama muka ɗaura a jikin allunan, muka ɗauke shi zuwa titi.

Da na gaya wa yayana, sai ya ce, "Ai ba don haka aka yi su ba."

Na ce, "Haka ne, Yaya. Amma gaskiyarka, ba sa karyewa. Mun gwada da Baba a kai."