Asirin da Na Tona a Gidan Suna

Maigidana injiniya ne na na'urorin sanyaya manyan gine-gine. Ba 'yar esin nan da ake maƙalawa a bangon ɗaki nake nufi ba, waɗancan ƙattin da ake girkewa a saman bene su riƙa hura sanyi cikin ofisoshi hawa-hawa. In muna wucewa ta tsakiyar Abuja a mota, yakan nuna wani gini da haɓa ya ce, "Sanyin wancan aikin hannuna ne." Ni kuma in ce, "To sannu da aiki, Injiniya, ga shi fankar ɗakinmu tun bara take kuka." Sai ya yi dariya. Ni kaɗai yake yi wa wannan fankamar, a gaban mutane ko za a yanka shi ba zai ce shi gwani ba ne.

Da tattalin arziki ya karye, gine-gine ne suka fara tsayawa. Ka wuce yau ka ga leburori kamar tururuwa, ka wuce wani watan ka ga ciyawa ta fito a kan tulin yashi. Wata rana da azahar na dawo daga makarantar da nake koyarwa a nan Dutse Alhaji, na tarar da motarsa a ƙofar gida. Gabana ya faɗi, domin bai taɓa dawowa a wannan lokacin ba. Na same shi a falo, ko takalmi bai cire ba. Ya ce kamfaninsu ya sallami ma'aikata, har da shi.

"Maman yara," ya ce, "maganar nan ta tsaya tsakanina da ke. Ko 'yan uwanki ban yarda su ji ba."

Na ce, "In Allah ya yarda babu mai ji a bakina." Da zuciya ɗaya na faɗa. A zatona wata biyu uku ne, a kira shi.

Ba a kira shi ba. Azumi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Yayansa da ke Funtuwa kaɗai ya sanar, shi ma don dole. Cikin mako yana gida, ya gyara abin da ya lalace da wanda bai lalace ba. Fankar nan kuwa ta daina kuka. Ranar Juma'a ce sai ka rantse wani mutum ne daban. Tun safe zai wanke mota da kansa, ya sa shadda mai sitaci, ya kafa hula, ya fesa turare, ya nufi masallacin cikin gari inda tsofaffin abokan aikinsa suke salla. Ga masallaci nan bayan gidanmu, amma a'a, sai can. Ya ce mutum in ba a ganinsa mantawa da shi ake yi, kuma na yarda da shi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne abin da yake faɗa musu. In ya dawo in tambaye shi, "Kun gaisa?" Ya ce, "Mun gaisa." "Sun tambayi inda kake yanzu?" "Sun tambaya." "Ka ce me?" "Na ce ina nan ina 'yan harkokina."

Kai jama'a! A Abuja, mutum ya fito daga mota mai sheƙi yana ƙamshi ya ce yana 'yan harkokinsa, wa zai kawo masa aikin albashi? Ai sai dai a yi masa fatan alheri, a nemi ya tuna da na baya.

A makaranta na ji malamai suna zancen shafin intanet na ma'aikata, inda kowa ke baje kolin abin da ya iya, kamfanoni suna zagawa suna zaɓa. Na matsa masa har ya buɗe. Muka sa hotonsa da hular kwano a gaban wani dogon gini, muka jera ayyukan da ya yi. Da muka zo wurin da mutum zai nuna cewa yana neman aiki, sai ya janye wayar daga hannuna.

"In rubuta a goshina ina neman aiki? Da girmana?"

Ya rubuta cewa shi mai ba da shawara ne mai zaman kansa. Kafin la'asar saƙonni sun cika: Allah ya ƙara ɗaukaka oga, mun taya ka murna oga, a riƙa tunawa da mu oga. Yana karantawa yana murmushi, ni kuwa kamar in fasa wayar da ƙasa.

Ba girman kai ba ne, in gaya muku gaskiya, kuma wannan ne ya sa na kasa yi masa faɗa yadda nake so. Haka aka raine shi, haka aka raine ni. A gidajen da muka tashi, babbar addu'ar da uwa take yi wa ɗanta ita ce Allah ya rufa masa asiri. Mai mutunci ba ya yabon kansa, ba ya kuma kai kukansa kasuwa. In kai gwani ne, wasu ne za su faɗa, in kana cikin wani hali, na kusa da kai ne za su lura su taimaka ba tare da sun kunyata ka ba. A Funtuwa hakan yana yiwuwa, domin maƙwabcinka yana ganin fitarka da shigarka. A nan kuwa, waɗanda suke ganinmu daban, waɗanda za su iya ɗaukarsa aiki daban. Matar nan Bagwariya da take kawo mana doya daga wajen Bwari tuni ta gane. Wata rana ta sauke kayanta ta ce min, "Madam, oga ba ta zuwa ofis kuma?" Ta ƙara min doya biyu a kan wadda na saya. Ita ta sani, amma ba ta da bene da za a sa wa sanyi.

Ana nan yayansa ya fara kira. Yana da shagon taki da maganin feshi, ya ce ya dawo gida su riƙe tare, zaman Abuja ba dole ba ne. Wata safiya muna karyawa maigidana ya ce, "In damina ta wuce ba abin da ya samu, za mu tattara mu koma." Ya faɗa yana kallon kofin shayinsa. Na hango shi a kan benci a ƙofar shago yana lissafa buhuna, mutumin da in ya kara kunnensa a jikin inji zai gaya maka abin da ke damunsa. Na san in ya hau bencin nan ba zai ƙara sauka ba. Tsoro ya kama ni sosai, ba don Abuja ba, don shi.

Abin haushin, a lokacin gari ya fara motsi. Gine-ginen da suka tsaya an koma kansu, manyan motoci sun dawo suna tare mana hanyar Bwari da safe. Shi da kansa yake gaya min cewa gwanayen aikinsu da yawa sun fice, wasu ƙasar waje, wasu sun canza sana'a, yanzu da fitila ake neman wanda ya iya. Na ce, "To ka je ka ce ga ka mana!" Ya ce, "Sun san ni, sun san aikina. Mai so zai nema."

Cikin watan da ruwa ya yi ƙarfi aka yi suna a Kubwa, a gidan wani Alhaji, tsohon abokin aikinsa da ya buɗe nasa kamfanin. 'Yarsa ce ta haihu. Duk Juma'a sahu ɗaya suke da maigidana. Na je da wuri don in kama aiki, aka haɗa ni da uwargidan, Hajiya, muna zuba tuwo a kuloli a bayan kicin. Mace ce mai faran-faran, ta girme ni nesa ba kusa ba. Tana zuba tana ƙorafi: Alhaji ba ya zama, aiki ya yi masa yawa, hannu ya yi kaɗan, duk wanda ya ɗauko sai ya ɓata masa inji.

"Kullum cewa yake da ma a ce zai samu irin maigidanki," ta ce. "Amma ina! Shi yanzu ai ya fi ƙarfinmu. Alhaji ya ce kunya ma ba za ta bar shi ya yi masa tayin albashi ba."

Na tsaya da mara a hannu. Kunya a can, kunya a nan, mu kuma muna shirin ɗaure kaya. Na tuna alƙawarin da na yi, wallahi na tuna, ba suɓutar baki ba ce. Na duba babu kowa kusa, na ce, "Hajiya, a zaune yake."

"A zaune kamar yaya?"

"A zaune a gida. Tun da aka sallame su bai ƙara yin aiki ba. Babu wasu harkoki."

Ta ajiye kular da ke hannunta. "Inna lillahi. Tun wancan lokacin? Ke kuma kika yi shiru?" Sai ga hawaye sun zubo min a gidan sunan mutane. Ta jawo ni jikinta ta ce in share, kada a gani.

Ranar Asabar da hantsi Alhaji ya yi sallama a ƙofarmu. Bai taɓa zuwa gidan ba. Na kai musu ruwa, na koma kicin, na bar ƙofar a buɗe, ba zan ɓoye ba. Bayan doguwar gaisuwa na ji ya ce, "Haba Injiniya. Haba ɗan uwa. Kafaɗarmu tana gugar juna kowace Juma'a, ka kasa gaya min?"

Sai Alhaji ya ci gaba.

"Kujerar babban injiniya na daɗe ina ajiye da ita babu kowa. Watan jiya na gaji na ba wani. Ka san shi ma, kai ka koya masa aiki a tsohon kamfaninmu. Ba zan iya ƙwacewa ba, na riga na yi magana. Abin da ya rage a ƙarƙashinsa ne. Ina jin nauyin faɗa, amma gara in faɗa."

Na jingina da bango. Watan jiya! Na ce a raina shi ke nan, zai yi godiya ya ce zai yi shawara, mu kama hanyar Funtuwa. Can na ji muryar maigidana, ƙasa-ƙasa.

"Yaushe zan fara, Alhaji?"

Da ya raka baƙo ya dawo, ya tsaya a ƙofar kicin. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa.

"Wa ya gaya masa?"

"Ni ce. Na gaya wa Hajiya."

"Abu ɗaya na ba ki ajiya, Maman yara."

Ni da bakina ba ya mutuwa, na ce, "Ajiyar ce take neman cinye ka, Baban yara. In zauna ina kallo?" Sai ya juya ya shiga ɗaki.

Ya fara aiki. Yana kiran wanda ya koya wa riƙe sifana da oga, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ya dawo da warin mai a hannunsa, ya dawo da cin abinci da yawa, ya dawo da nuna min gine-gine da haɓa. Ya kira yayansa ya ba shi haƙuri. Kafin shekara ta zagayo wasu kamfanonin suna aiko masa da tayi, domin yanzu an san yana kasuwa. Har ƙananan injiniyoyi yake yi wa nasiha, wai kada su ji kunyar cewa suna neman aiki. In na ji shi yana wannan wa'azin a waya sai in taɓe baki in wuce.

Bai taɓa ce min na kyauta ba, bai kuma ƙara ce min na yi laifi ba. Muna zaune lafiya, muna raha, ba ya rage ni da komai. Sai dai a da, in abu ya dame shi, ni ce farkon ji, wani lokacin ni kaɗai ce mai ji. Yanzu sai in ga ya yi shiru kwana biyu, in tambaya ya ce gajiya ce. Na yi ta ce wa kaina lokaci zai gyara.

Bara ƙanwarsa ta zo mana hutu. Muna tsinkar zogale a tsakar gida ta ce, "Anti, kina dai rage masa gishiri ko? Tun da likita ya ce jininsa ya hau nake ta addu'a." Na ce, "Ina ragewa," na ci gaba da tsinka. Ashe ya daɗe yana shan magani, a ofis yake ajiyewa.

Abin ya yi min ciwo, har yau yana yi. Na sha tambayar kaina, da za a mayar da ni bayan kicin ɗin nan na Kubwa, da mara a hannuna, zan yi shiru? Ba zan yi ba. Zan sake faɗa, ko da na san abin da zai biyo baya. Washegari na rage gishiri a miya. Ya ɗanɗana, ya ɗago ya dube ni, na dube shi, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da cin tuwonsa.