Garaya a Cikin Tasi

Jama'a, yau ringin wayata ya tsayar da tasi!

Jiya na yanko gutsuren wata tsohuwar waƙar garaya na sa ringin. Yau ina hanyar unguwar Shisha a nan Makka, sai aka kira ni. Direban, saurayin da tun daga unguwar Hindawiyya Larabci yake min, ya gangara gefe ya taka birki. Na ce shi ke nan, sauke ni zai yi! Na kai hannu zan kashe.

Ya ce, "La, ya ammi, bar shi!" Da Hausa fa!

Kiran ya katse, ya goge ido. "Kakata tana sa wannan a kaset. Allah yarhamha."

Na tura masa waƙar, ya sa ringin. Ya ce, "Kira ni."

Har Shisha ina kira, bai ɗauka ba.