Fankar da Na Ɗaura wa Baba

Shekarar da Baba ya sayi tsohuwar motar ɗaukar kaya mai bodin katako ya danƙa mini makullinta, kaina ya kumbura. Daga Kadawa zuwa Kano babu direban bas ɗin da ban wuce ba, har hannu nake ɗaga musu. Labari kuwa yana riga ni isa gida. Ranar da na sha kwana a guje kwandunan tumatir suka zube a hanya, Baba ya kira ni ya ce ran Asabar zai bi ni Kano da lodin albasa. In tuƙina bai yi masa ba zai ba wani makullin, ni kuma in koma ban-ruwa a gona.

Mutumin da 'yan tasha suka fara ce wa direba, a ce ya koma tsayuwa cikin taɓo da fartanya?

Lokacin bazara ne, kuma na san halin Baba, zafi ke fara ɓata masa rai kafin mutum ya ɓata. Injin motar nan kuwa a ƙarƙashin kujera yake, kana zaune kana dahuwa. Sai dabara ta zo mini. Na je Kura na sayo 'yar fankar mota, na kai wa mai rewaya. Ya ce wuri biyu ake ɗauko wuta. In daga batir ne kai tsaye, ranar da na manta ban kashe ba sai an tura ni. In daga makulli ne, fanka za ta mutu tare da mota, shi ya fi, amma aiki ya yi masa yawa, in dawo Litinin. Na ce masa ai waya biyu ce kawai, ja da baƙa, na kwashi kayana. Ya bi ni da kallo, ya ce ko ba komai in sa fiyus.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje, kafaɗata ta danne wani ƙarfe ban ma kula ba. Na riƙa taɓa wayoyi da ɗan ƙwan fitila na gwaji har na sami wadda ta kama. Na kashe makulli, ƙwai ya mutu, na murɗa, ya dawo. Wayar makulli ke nan, in ji ni. Na haɗa, fanka ta ɗauka, na naɗe da salatif. Ina nan kwance na miƙa hannu na zare makullin, na fito ina ganin mai rewaya cin kuɗin mutane kawai yake yi.

Asabar da hantsi Baba ya hau gaba da carbinsa. Ƙafata na kan birki na tayar da mota, iska ta buso masa fuska. Ya dubi fankar, ya dube ni, ya tambaya ko ni na haɗa. Na ce ƙaramin aiki ne. Daɗi kamar ya kashe ni.

Ina sakin birki fankar ta tsaya.

A hanyar bakin kanal ɗin ban-ruwa, inda ramuka suka yi yawa, ta riƙa yi tana ɗaukewa, na ce wa Baba sabuwa ce, ba ta saki jiki ba. Da muka hau kwalta na taka totur, shiru. Gumi ya fara bin wuyan Baba. Can wani ɗan acaɓa ya gitta da buhun shinkafa, na taka birki, sai ga iska. Nan na tuna ƙarfen da kafaɗata ta danne. Birki ne. A wayar fitilar birki na ɗaura fankar.

Dariya ta taso mini tare da tsoro, na haɗiye su duka. Tunda haka ne, sai na shiga ciyar da Baba iska da ƙafa. In ɗan taka totur, in na ga goshinsa ya fara ƙyalli in koma birki. Na gwada ajiye ƙafar hagu a kan birki don in yi duka biyun, motar ta yi tsalle har hularsa ta karkace, na daina. Ban taɓa son ganin akuya a titi irin ranar ba. Kowace kwana, kowane mai keke, addu'a nake Allah ya ƙaro. Direbobin bas ɗin da na saba wucewa suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya suna ɗaga mini hannu, wani ma ya leƙo ya tambaya ko ƙwai na ɗauko. Baba dai yana ta jan carbinsa.

Sai bayan azahar muka shiga kasuwa. Da aka gama sauke albasa na rasa ta inda zan fara, na ce, "Baba, fankar nan tana da 'yar matsala. Litinin zan kai a gyara."

Ya ce, "Tun kafin Kura na gane matsalarta."

Sai ya fashe da dariya, irin wadda na daɗe ban ji ya yi ba, har yana dafa ƙofar mota. Ni ma na saki tawa da na riƙe tun hanya. Da ya lafa ya goge ido, ya ce in riƙe makullina.

"Amma wayar nan kada wanda ya taɓa ta. Ba kullum zan iya zama a gefenka ba. In zafi ya ishe ka, ka san abin da za ka taka."

Na daina dariya. Duk kwanakin nan na ɗauka motarsa yake ji wa tsoro, ashe ni ne. Na ce to, na zagaya na buɗe masa ƙofa.