Ƙanzon Faransa

Har gobe ban manta da ranar da na buɗe tiyon da ya toshe a Faransa ba, alhali ina zaune kan wannan bencin da kuke goge wa ƙura da wandunanku. Ku yi ta dariya. Ni Isufu plombiye, mai gyaran famfo a nan Madarunfa, da ko Yamai sai da babban dalili nake zuwa, na yi aiki a ƙasar Turawa ba fasfo ba biza, kuma har yau ba wanda ya kira ya ce aikin ya ɓaci.

Bari in faro daga tushe saboda ku sabbin aparanti masu koyon aiki. Shekarun baya, Hajiya Rabi, matar marigayi Alhaji mai motocin ɗaukar kaya, ta kira ni in sa mata ebiye a ɗakin girki. Ebiye shi ne kwanon wanke-wanke mai robine, wato kan famfo, a sama da rami a ƙasa. A ƙa'idar aikinmu, tiyon da ya fito daga ramin nan ƙarƙashin ƙasa yake bi, ya faɗa rijiyar ruwan datti. Hajiya ta ce ba ta san zancen ba.

"Ruwan tsarin gero da ƙanzon tukunya za ka kai mani rami? Isufu, lafiyarka? To awakina su ci mi?"

Mai abu da abinsa. Na samo tiyo mai kauri, gajere, na huda bango, na miƙa shi sak cikin rabin durom a garken awaki. Ruwan sabulu a baho take zubarwa can waje, amma duk abin da ya shafi abinci ramin take sakar wa, kafin ta ɗauraye hannu awaki sun yi bisimilla. Na yi alfahari da wannan aiki ƙwarai.

To, ɗiyarta tilo, Zainabu, tana aure a Faransa, wurin wani ɗan garin nan mai suna Musa. Allah ya ba su haihuwar fari, aka aiko wa Hajiya tikiti ta je ta kula da jego. Unguwa kaf aka raka ta tasha, tana ta shelar cewa sai an yi arba'in za a sake ganin ƙeyarta.

Wata Laraba bayan la'asar, ana cikin girbin gero, sai ga kiran bidiyo. Zainabu ce, jinjiri a kafaɗa, ido jajir.

"Kawu Isufu, ka rufa mana asiri."

Ta ce ebiyensu ya toshe, ruwa ya malale, ya ɗiga kan tsohon Baturen da ke ƙasansu. Karo na biyu ke nan tun zuwan Hajiya. Mai gidan da suke haya ya ja musu kunne, shi kuwa plombiyen can sai ka ɗauki randebu, a yanka maka rana kamar za ka ga gwamna. Musa kuwa, ta gan shi yana duba yadda ake matso da ranar tikitin komawar Hajiya.

"Kawu, in Inna ta dawo ba a yi arba'in ba, da wane ido za ta dubi mutanen unguwa?"

Na san bakin garin nan. Kafin ta sauke akwati an gama da ita: uwar da suruki ya koro daga jegon ɗiyarta. Matar da ta riƙe mutuncinta tun tana amarya, ƙarshenta tiyo ya zubar da shi.

Na ce a kira mani Musa. Ya zo da rigarsa ta ofis. Na ce ya tuɓe ta, ya kawo bokiti, ya kwanta ƙarƙashin ebiyen, Zainabu ta haska mani. Ƙasan kowane ebiye na ƙa'ida akwai sifon, wato lanƙwasar nan da ke riƙe ruwa kaɗan don kada wari ya taso. Nan datti ke fara zama. Bokiti ake fara sawa, sannan a murɗe da hannu, a kula da robar da ke bakin, domin in ta ɓata ka gyara toshewa ka sayi yoyo. Tiyon nasu kuwa, abin tausayi, bai fi kaurin rake ba.

Musa ya murɗa. Jama'a! Shinkafa, guntun tuwo, sauran kunun kanwa, ƙashin kaza, ga kitsen rago ya daskare ya ɗinke su wuri guda. Abin da zai ƙosar da akuya mai ciki.

Duk wannan aiki Hajiya tana bayan ƙofa. Ina za ta tsaya surukinta na kwance a ƙasa da singileti? Shi ma ba ya iya ɗaga ido ya yi mata magana. Ashe tun zuwanta ba wanda ya tambaye ta komai: shi kunya, Zainabu kuma tsoron kada uwarta ta ji an raina ta. Sai suka yi ta kwashe ruwa suna shiru.

Musa ya yi gyaran murya daga ƙasan ebiye. "Malam Isufu, don Allah ka tambayi Hajiya, ko akwai dalilin da ya sa abinci ke bi ta nan."

Kafin in buɗe baki, murya ta fito daga bayan ƙofa. "Isufu, ka ce mashi ina ji."

Kun gani? Mutum biyu suna jin numfashin juna, amma sai magana ta sauka Madarunfa ta juya sannan ta isa.

"Ka ce mashi an nuna mani baƙar leda, wai in zuba sauran abinci tare da ƙazantar jinjiri. Abinci fa, Isufu! Hannuna ya ƙi. Na ce gara in saka a ramin, ko ba komai dabbobin mutanen ƙasa su samu."

"Hajiya, ƙasanku ba awaki. Tsohon Bature ne."

"To shi tiyon ina ya nufa?"

"Wani tiyon, Hajiya. Shi ma ya faɗa wani."

Sai ta ce, "Innalillahi. Gari guda ba mai cin ƙanzo?"

Dariya ta taso mani, tausayi ya danne ta. Ita a duniya ebiye ɗaya ta sani, wanda na sa mata, kuma a ƙarshensa akwai baki mai jira. Na kuma san in na ce ta zuba a leda, "to" za ta ce, jibi tiyo ya sake toshewa, gata tana cikin jirgi. Sai na tambaye ta yadda take yi a gida in ƙanzo ya fi ƙarfin awaki.

"Shanyawa nake, in adana. Amma nan ina rana? Tun da na zo ban ga inuwata ba."

Zainabu ta juya wayar wajen wani ƙarfe mai haƙarƙari a jikin bango, wanda ke ɗumama musu ɗaki. Ta ce tun safe da zafinsa. Nan muka yanke: shinkafa da tuwo a baza su a faranti bisa ƙarfen, kitse a juye a gwangwani, ƙashi ya tafi leda, domin Hajiya ta yarda ƙashi ba abinci ba ne. Musa ya mayar da sifon, ya bi shi da ruwan zafi, ruwa ya wuce suuu. Ya tashi ya sa rigarsa, ya dubi bango ya ce, "Malam Isufu, ka gaya wa Hajiya tikiti na nan yadda yake."

"Ka ce mashi Allah ya yi albarka."

Hajiya ta cika arba'in ɗinta har da ɗoriya. Ranar da ta dawo mata suka cika gidan, kowa na hangen turare da atamfa. Aka buɗe jaka ta farko, an samu. Aka buɗe ta biyu, ƙanzo ne fal, busasshe ƙayau. Hajiya ko a jikinta, ta ɗebi kwano ta nufi garke. Ni ma an aiko mani da leda guda, wai ladan aiki, in ba tunkiyata. Ta cinye tas, ba ta nuna ta ji wani bambanci ba.

Ku da kuke ganin aikin nan awo ne da manna roba, ku riƙe wannan. Mu bakin tiyon da ke gabanmu muke aunawa, shi kuwa mai gida ɗaya bakin ne a ransa. Kafin ka ɗaura wa mutum tiyo, tambaye shi wa yake zaton yana jira a can ƙarshen.