Jan Ƙyallen da Kaka Ta Ɗaura wa Motata

Ni da Kaka mu kaɗai ne a gidanmu na Kankiya. Babana direba ne, ya rasu ina ɗan shekara huɗu. Mahaifiyata ta fita takaba ta yi aure a Mawashi, aka bar ni hannun tsohuwa wai in ɗebe mata kewa. Har yau ban san wanda ya ɗebe wa wani ba. Gidan a gefen gari yake, dab da babban titin Kano zuwa Katsina, don haka duk motar da ta bi kwalta sai mun ji ta kamar a tsakar gidanmu ta wuce.

In mun ci tuwo bayan magariba, Kaka ba ta kashe wutar murhu. Sai ta janye itace ta bar garwashi, ta tura mani gyaɗa cikin toka, ta miƙe ƙafafunta da suke mata ciwo wajen ɗumi. "Maigida, matso nan," haka take ce mani, irin wasan kaka da jika. "Miji ke nan, ko kuɗin cefane babu, sai cin gyaɗa." A wasu gidajen yara goma ake tarawa a yi tatsuniya, ana ihu ana dariya, muna jiyo su ta katanga. Mu kuwa mu biyu ne, sai wuta.

Tatsuniyoyinta ba irin na sauran tsofaffi ba ne. Matar da ta haifi direba, ta shekara ashirin tana kasa kunne ga titi, ba ta da dabbobin dawa a kanta sai motoci. Ko buɗe tatsuniyar nata daban ne. Takan ce, "Ga ta nan, ta danno hon." Ni kuma in ce, "Ta tsaya mu hau."

Kuma fa ta san su, wallahi ta san su. Motocin wancan zamani kowace da fuskarta. Akwai wadda take kira Kunkuru, mai ƙusumbi, injinta a baya, tana tafe tana tari. Akwai Mai Gira, wadda aka yi wa wani farin ƙarfe mai ƙyalli a saman fitilu, in ta tunkaro ka sai ka ce harararka take. Akwai Doguwar Hajiya mai ɗaukar mutum takwas da buhunansu, ga roka mai bodin katako da zanen fulawa, ga akori-kura. Tana tsakiyar magana sai ta ɗaga yatsa. "Ji Mai Gira ta dawo daga Kano, yau ta yi lodi da yawa." In na ruga ƙofar gida na leƙa, ita ce kuwa. Ban taɓa kama ta da kuskure ba, kuma na yi ƙoƙari.

Mota ɗaya ce ba ta faɗin sunanta. Akori-kurar babana ce, shuɗiya, wadda aka sayar wa wani mutumin Kusada bayan rasuwarsa. Ranar kasuwa takan wuce da yamma. Da Kaka ta jiyo ta sai ta ɗauki tsinke tana tonon toka har ƙarar ta ɓace.

Tatsuniyar da ta fi maimaita mani ita ce ta akori-kura mai ido ɗaya. Wai a wata tasha motoci suke zaune, kowace da kamanninta, yara na kowane ƙauye sun san su da suna. Cikinsu akwai wata akori-kura da wani sa ya taɓa tunkuya, fitilarta ɗaya ta mutu, gefen bakinta ya karkace. Duk ranar kasuwa sai ta bi ta wata rijiya a tsakiyar daji, inda wata tsohuwa ke jiranta da guga. Tun daga nesa tsohuwa take gane ta, ta ja ruwa ta shayar da ita, injin ya huce, ta wuce.

Ana nan sai wata baƙuwar mota ta zo tashar, sumul kamar ƙwai, ba gira ba ƙusumbi. Fasinja suka yi caa a kanta. Sauran motoci suka ji haushi, suka tafi wurin maƙeri ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ce a buge ta ta koma kamar baƙuwa. Mai ido ɗaya ita ce ta ƙarshe, don ta gaji da dariyar da ake mata. Maƙeri ya buge ta tas. Ranar kasuwa ta iso rijiya da ƙishirwa, ta tsaya gaban tsohuwa. Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, wuce, ruwan ga na da mai shi. Tawa nike jira." Mota ta wuce, injinta ya tafasa, ta mutu a daji. Tsohuwa kuwa tana nan bakin rijiya da guganta.

Ni dai wannan ƙarshen bai taɓa yi mani daɗi ba. "To Kaka, me ya hana ta yi hon tsohuwar ta gane muryarta?"

"Maƙerin har muryar ya gyara, Maigida. Mun iso tasha, kowa ya sauka. Tashi ka wanke bakinka."

Wani lokaci kafin in tashi sai ta riƙo hannuna. "Kai dai ranar da ka sayi taka, kada ka faɗa mani kalarta. Tun daga kwanar can zan gane ta." In ce mata Mai Gira zan saya, ta ce a'a, miji irina sai Kunkuru.

Na girma, na yi karatu, na sami aiki a Katsina, aikin da kusan duk mako sai ya kai ni Kano. Kaka ta ƙi barin gidan. Wata maƙwabciyarmu, Lami, ita ke kai mata abinci tana duba ta. Bayan shekaru na tara kuɗi na sayi mota 'yar Kwatano, ruwan toka, mai baƙin gilashi da na'urar sanyi. Ba ta tari, ba ta zubar da mai, ba abin da za ka ce da ita. Sai dai in na ajiye ta a kasuwa, ni kaina sai na danna makulli ta yi ƙara kafin in san wacece tawa cikin 'yan'uwanta.

Na kira Lami na ce ta gaya wa Kaka ina tafe ranar Asabar da mota. Da na iso bayan azahar, sai na hango ta a gindin darbejiyar bakin titi, zaune kan 'yar kujerarta. Na tsaya daidai gabanta. Ta dubi motar, ta kau da kai, ta ci gaba da kallon hanya. Sai da na sauke gilashi na ce, "Amarya, ba magana?"

Ta yi salati. Ta dafa sanda ta miƙe, ta zagaya motar tana shafa ta da tafin hannu, gaba da baya. Ina jiran guɗa, sai na ji ta ce, "Ina fuskarta?"

"Ga ta nan kina kallo, Kaka."

"Wagga? Wagga ai sabulu ce da aka yi wanka da ita. Tun hantsi nike nan, na ɗaga wa irinta hannu har kafaɗata ta gaji. Kowace in ce kai ne, kowace ta wuce. Daga baya na ji kunya na daina." Ta yi 'yar dariya, amma na ga abin ya taɓa ta. Matar da ba ta taɓa ɓatan mota ba, yau ga ta jikanta a gabanta ba ta gane ba.

Kafin in tafi ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon jan kallabi. Ta sa haƙori ta yage bakinsa, ta ɗaura a madubin gefe, ƙulli uku. "To, yanzu ta yi fuska. Ko ba ka da lokacin shigowa, in na ga ƙyallen ga na san ka wuce lafiya. Ka ɗan danna hon, ya ishe ni." Na ce to.

Kwana biyu ƙyallen ya yi. A wurin aiki wani abokina ya ja shi da yatsa ya ce, "Malam, laya aka ba ka ko maganin baki?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Da suka watse na kwance shi na jefa cikin aljihun mota, da niyyar in ɗaura duk ranar da zan je gida.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ci gaba da bin titin nan kusan duk mako. Da safe ina sauri, in ce sai na dawo. Da yamma na gaji, in ce sai wani makon. Kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na gan ta da idona a gindin darbejiyar, ta yi tagumi tana bin motoci da kallo. Ƙafata takan ɗaga daga totur, sai wata zuciya ta ce mani in ka tsaya sai ka yi awa biyu, ai ba za ta gane ka ba. Kuma gaskiya ne, ba za ta gane ni ba. Sai in wuce cikin ayarin masu ruwan toka, gilashi a rufe. Kai, ɗan Adam!

Damina na tsakiya Lami ta kira ni da asuba. Kafin in iso har an yi wa gawar Kaka wanka.

Bayan addu'ar uku ina zaune a tsakar gida, kusa da murhun da ya yi sanyi, Lami ta zo ta tsuguna nesa kaɗan. Ta ce, "Yaya, kullum fa sai ta sa na kai mata kujera bakin titi. Har faɗa muka yi. Na ce mata, Kaka, mutumin nan ana cewa duk mako yana zuwa Kano, ƙila yana wucewa ba ki sani ba. Sai ta taso mani. Ta ce, 'Ke Lami, kiyaye ni. Da ya biyo da na ga ƙyallen. Wata hanya aikin ke bi da shi. Maigida ba ya wuce ni.'"



Ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan gargaɗi ce kada mutum ya ji kunyar kamanninsa. Yanzu in na ji abokaina suna kewar motocin da, suna yabon ƙarfensu da ƙyallinsu, nakan ce a raina, ni ba ƙarfen nake kewa ba. A wancan zamani ba ka isa ka bi ta ƙofar gidanku a ɓoye ba. Motarka za ta tona ka tun daga kwana, dole ka tsaya ka gaida mutanenka ko kana so ko ba ka so. Na yanzu kuwa sun iya rufa wa mutum asiri, ni kuma na yi amfani da wannan a kan tsohuwar da ta raine ni.

Har yanzu ina bin titin. Ina isa Kankiya nakan sauke gilashi in rage gudu, na baya su yi ta danna mani hon suna zagi. Ba kowa a gindin darbejiyar sai masu sayar da rake, kuma ba wanda ya san ni a cikinsu.