Ranar da Butar Mahaifiyata Ta Wuce a Ruwa

Shekarun baya, lokacin ina aikin kanikanci a kamfanin ma'adinai a Arlit, wani ra'ayi ya shige ni. Duk shekara in na samu konje, wato hutun aiki, mota nake shiga sai Maraɗi, in ci in sha in dawo. Sai na ce wa kaina, ƙasa mai girma haka, ga Abzinawa, ga Fulani, ga Barebari, ga Tubawa, amma ni abin da na sani kwalta ce kawai tsakanin garinmu da wurin aiki? A shekarar sai na aika aka kawo mini mahaifiyata, na ce yawon buɗe ido za mu yi. Ta ce idonta a buɗe yake tun kafin a haife ni, amma dai ta zo.

Abokina direba, Ba'abzine ne, ya ce mu je ƙauyensu cikin duwatsu, gaba da Iferwan, mu ga lambuna. Damina ce a lokacin, amma sama tas, ko ɗigon girgije babu. Tun a hanya mahaifiyata ta daina mita. Ta ga rumman da dabino a tsakiyar baƙin dutse, ta ga raƙumi yana jan guga, sai salati take yi.

Ƙauyen yana gefe ɗaya, lambunan suna ɗaya gefen, tsakaninsu akwai kori, wato faffaɗan rafi busasshe mai farin yashi. Abokina ya tsallaka da mu zuwa lambun kawunsa, ya shige ciki neman kawun. Mahaifiyata ta ce ƙafafunta sun gaji. Ta hango inuwar goruba a tsakiyar korin, ta ce, "Ku tahi ku yi kallonku, ni nan zan zamna in yi la'asar. Wanga rairai ya hi katifa." Na ɗaga kai na dubi sama kamar yadda kowane ɗan manomi yake yi, na ga ba hadari. Da hannuna na shimfiɗa mata tabarma, na ajiye mata butarta mai ruwan ɗorawa, na bi bayan abokina ina jin kaina ɗa na gari.

Muna can ƙarshen lambu ana cika mini hannu da rumman sai na ji wata ƙara daga nesa, kamar manyan motoci sun taho a jere. Abokina ya tsaya cak. Ya ce, "Mama ina yake?" Na ce tana hutawa cikin kori. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ya zubar da abin hannunsa ya ruga, ni ma na bi shi ban san abin da nake gudu a kai ba.

Da muka isa babu yashi, babu tabarma, babu mahaifiyata. Jan ruwa ne cike da korin daga wannan baki zuwa wancan, yana tafe da itatuwa da duwatsu, gorubar nan ruwa ya kai mata rabi. A kanmu kuwa rana ce ƙwal. Ashe a can ba saman kanka ake duba ba. Ruwa yakan sauka a duwatsu masu nisa, ya gangaro ba sallama, shi ya sa ɗan garin ba ya ko ɗaure akuya a cikin kori da damina.

Ina tsaye sai ga buta mai ruwan ɗorawa ta maƙale a reshe, ta ɗan juya, ruwa ya fizge ta. Na yi kukan kura zan faɗa, abokina da kawunsa suka riƙe ni. Kawun yana ta cewa, "Haƙuri, ruwa shi sauka, a tambaya mutanen gari." Babu rezo a wurin balle a buga waya, ƙarar ruwa kuma ba ta bari a ji kira daga ƙetare. Na zauna a ƙasa ina tunanin abin da zan gaya wa ƙannena. Tsohuwa tana zamanta lafiya a ɗakinta, na ɗauko ta na kawo ta ƙarshen duniya don ta ga rumman. Na yi addu'a har ta ƙare mini, na koma maimaita sunanta.

Sai dab da magariba ruwan ya ja baya. Muka riƙe hannun juna muka tsallaka yana dukan cinyoyinmu. A bukkar tabarmi ta farko na jiyo muryar da na sani tana faɗa. Mahaifiyata ce zaune, ba takalmi, an yafa mata baƙin zane, da cuku a hannunta, gefenta wata tsohuwa, hannunta duk shunin zane, tana hura wutar shayi. Na durƙusa na fashe da kuka a gaban mutane, gemu da komai. Ta ce, "Kai kuma mi ya same ka? Ina takalmana?"

Ashe tsohuwar, gwaggon abokina ce, ta fito neman awakinta ta gan ta zaune. Ta yi mata magana da Tamajak, yaren Abzinawa, mahaifiyata ta ɗauka korar ta ake yi, ta kau da kai. Tsohuwar ba ta tsaya bayani ba, ta damƙi wuyan hannunta ta ja ta har kan tudu, ita kuwa tana tirjewa tana cewa wane irin gari ne wannan da ba a san baƙo ba. Ba su gama hawa ba ruwan ya iso.

Ban daina yawo ba, na ga wurare da yawa bayan nan, kuma har yanzu ina cewa kowa ya fita ya ga ƙasarsa. Sai dai duk inda na sauka, ko tabarma ba na shimfiɗawa sai na tambayi ɗan gari. Har yau in na ga buta mai ruwan ɗorawa a kasuwa gabana yakan faɗi.

A hanyarmu ta komawa Arlit na ce mata abin tausayi ne da ba su ji yaren juna ba. Ta daɗe tana kallon shunin da hannun tsohuwar ya bari a wuyan hannunta, sannan ta ce, "Gode ma Allah da ban ji ba. Ka san halina. Da na ji abin da take hwaɗi, da na tsaya yi mata gardama."